Asibitin dabbobin da ya yi wa magen Innata aikin ƙafa a Katsina, abin da na gani da abin da na kashe

Tun bayan ƙaramar Sallah mutane ke ta tambayata wai ina aka yi wa Lami aiki, nawa na kashe, kuma da gaske ne a nan cikin Katsina ana yi wa mage tiyatar ƙashi ko sai an dangana da Zariya, to yau dai na samu sarari bari in faɗi komai yadda ya faru, da mai daɗi da marar daɗi. Ba zan kama sunan wurin ba don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba na so ya zama kamar na zo ɓata wa mutum sana'a alhali shi ne sanadin da ƙafar nan ta tsira. Asibiti ne dai mai zaman kansa, ɗan ƙarami, shago ɗaya a gaba da ɗaki biyu a ciki, likita ɗaya da yaron da ke taimaka masa.

Lami magen Innata ce, Allah ya jiƙanta da rahama. Ranar wata Alhamis ta tsinto ta a bakin kwata tana 'yar mitsitsiya ko ido bai gama buɗewa ba, shi ya sa ta raɗa mata Lami, da cokalin shayi ta riƙa ɗura mata abinci har ta yi ƙwari. Da Inna ta rasu aka raba kayanta kowa ya ɗauki nasa, ni abin da ya rage mini a ɗakin da ke motsi yana numfashi ita ce, har yau in na shimfiɗa dardumar Inna sai ta zo ta kwanta a gefen da Inna ke ajiye carbi. Na faɗi wannan ne don wanda zai ga kuɗin da na kashe ya ce wannan mata lafiyarta kuwa, ya san daga inda abin ya taso.

Ranar Litinin 17 ga Fabrairu 2025 bayan magariba wani mai mashin ya banke ta a lungunmu nan Ƙofar Marusa, yaran maƙwabta ne suka shigo da gudu suna Anti Anti an taka Lami, kafin in fita ta ja jiki ta shigo da kanta ta shige ƙarƙashin tsohon keken ɗinkina, ƙafar baya ta hagu tana reto kamar ba a jikinta take ba. Da na kai hannu ta cije ni, magen da ba ta taɓa ko yaƙushina ba. Da tawul na lulluɓe ta na saka a kwali.

Gwaggo ta ce in jiƙa rabin farasitamol in ɗura mata ko ta samu barci, wallahi har na ɓallo ƙwayar na sa a cokali, sai Allah ya sa na ce bari in fara kiran lambar da wata mai kawo mini ɗinki ta taɓa ba ni. Wajen tara na dare ne amma ya ɗauka, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce Hajiya kin ba ta wani magani? Na ce yanzu nake shirin ba ta farasitamol, ya ce don Allah ki zubar da shi yanzun nan ina jin ki. Ya ce hantar mage ba ta iya sarrafa wannan maganin kamar tamu, yana lalata mata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa fuska ta kumbura, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta, haka su ibufurofen da dikulofenak duk haɗari ne gare ta. Ya ce in bar ta a kwalin a wuri mai duhu, in ajiye ruwa kusa, in duba ko tana fitsari, in kawo ta da safe. Ko da a ce wannan kiran kaɗai ya yi mini, ya gama mini komai, don da hannuna na kusa kashe ta ina ganin taimako nake.

Da safe na shiga kurkura da kwalina a cinya. Gaskiya in ka ga wurin daga waje ba za ka ce ana tiyata a ciki ba, gaba duk buhunan abincin kaji ne da magungunan tsutsa da firij na allurar rigakafi, yawancin masu zuwa masu kiwon kaji ne da masu tumaki da awaki, ni kaɗai ce mai mage. Ƙorafina na farko ke nan, wurin jira ɗaya ne ga kowa, ina zaune wani ya shigo da ƙaton kare a sarƙa yana haushi Lami na cikin kwali tana karkarwa ga ciwo ga tsoro, sai da na fita waje na tsaya a rana. An ce mini ƙarfe takwas, likita bai iso ba sai goma saura don an kira shi wata gona. Na gane uzurinsa amma ai da sai a kira ni a faɗa mini.

Da ya zo kuwa sai na ga aiki. Bai fara da ƙafar ba ma, ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi, ya sa abin sauraro a ƙirji ya daɗe yana ji, ya lallatsa ciki yana neman mafitsara, ya matsa yatsun ƙafar da ta karye ya ga ta janye, ya ce alhamdulillahi jijiya na aiki. Ya ce dabbar da mashin ya buge ba karayar ce ke saurin kashe ta ba, abin da ke ɓoye a ƙirji da ciki ne, shi ya sa ba a gaggawar sa mata allurar barci sai an tabbatar. Ya yi mata allurar rage zafi sannan ya ce sai an yi hoto, kuma su ba su da na'urar. Wannan ne babban raunin wurin a ganina. Sai da muka jira yamma yaronsa ya raka ni wani wurin ɗaukar hoton ƙashi da suka saba da su bayan mutane sun ragu, muka sake hawa kurkura da mage mai karaya, kowane rami muka faɗa sai ta yi ƙara ni ma sai in ji har cikin raina.

Hoton ya nuna ƙashin cinya ne ya karye a tsakiya, a karkace, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya. Kawuna tun safe yake cewa a kai ta wajen mai ɗori a ɗaure da karare a huta, kuma ni ma na so hakan don na san masu ɗorinmu sun iya aiki, na tambayi likitan ina jin kunya. Bai raina maganar ba ko kaɗan, ya ɗauko biro ya zana mini a bayan takarda, ya ce ƙashin cinya a nutse yake cikin tsoka, tsokar ce ke jan ɓarin biyu suna haɗewa, kuma ɗauri ba ya riƙe karaya sai ya kama gaɓar sama da ta ƙasa, to a mage ta ina za ki ɗaure ƙugu? In an matsa da ƙarfi jini ya tsaya ƙafa ta ruɓe, in an sassauta ta zare shi cikin dare. Ya ce da a ƙasa ne wajen yatsu da ɗauri zai iya yi.

Sai ya ba ni zaɓi ƙiri-ƙiri, kuma nan ne ya ƙara shiga raina. Ya ce akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, can sun fi shi kayan aiki da yawan hannu, in ina da hali in tafi ba zai ji komai ba har takarda zai rubuta mini. In kuma a nan ne, abin da zai iya shi ne ya zura siririn ƙarfe ta cikin ramin ɓargo ya haɗa ɓarin biyu, ya zagaye wurin da siririyar waya don kada ya juya, ya ce irin wannan karayar mai karkata tana karɓar wannan aikin amma sharaɗinsa mage ta zauna wuri ɗaya sati shida zuwa takwas. Na uku kuma a yanke ƙafar, ya ce mage na rayuwa lafiya lau da ƙafa uku kuma ya fi sauƙin kuɗi, kada in ɗauka zalunci ne. Na yi tunanin doguwar tafiya da halin da hanya ke ciki da kuɗin mota da masauki ga ɗinkin mutane jibge a ɗaki azumi saura kwana goma sha ɗaya, na ce Likita a yi a nan.

Ga kuɗin kamar yadda na biya: ganin likita 3,000, hoto 12,000, gwajin jini 8,000, aikin kansa da ƙarfen da allurar barci 130,000, magunguna 18,000. Ya ce in kawo 80,000 kafin aiki sauran in biya a hankali, kuma kada a wuce kwana uku zuwa huɗu don in aka daɗe tsoka na ƙanƙancewa aikin ya yi wuya. Ni kuma abin da ke asusuna gaba ɗaya 40,000 ne, har na riga na taɓa shi wajen hoto da gwaji.

Daren nan ban yi barci ba. Ban taɓa roƙon kowa ba a rayuwata, ɗinkina nake ci da shi, kuma na san halin da ake ciki, mutum na neman na awo ni in fito in ce a taimaka wa mage. Na rubuta saƙon na goge ya fi sau biyar. Daga ƙarshe na ɗauki hoton ƙashin na ɗaga shi a fitila na ɗauka da waya, na haɗa da takardar lissafin da likita ya rubuta da hannunsa, na sa a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp da sitatus, na ce magen Inna ce, ga abin da ake nema ga abin da nake da shi, wanda Allah ya hore wa ko ɗari biyu ce ina godiya, wanda bai samu ba addu'a ta wadatar. Wani ɗan uwanmu ya rubuto cewa da kuɗin nan marayu nawa za a ciyar a azumi. Maganar ta soke ni don ba ƙarya ya yi ba, na yi kuka sosai, na ce masa Yaya gaskiyarka, ban ce kowa ya cire daga sadakarsa ya ba ni ba, amma ita ma rai ce kuma a hannuna Allah ya bar ta. Malamin islamiyyarmu ne ya turo 5,000 ya tuna mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, daga nan maganar ta mutu.

Abin da ba zan manta ba wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu ƙawar Inna, ba ta da waya ma, jikarta ce ta ba ta labari, ta dogaro sandarta ta shigo da hantsi ta kwance haɓar zani ta ciro 1,000 duk ta nannaɗe 'yan ɗari bibbiyu, ta ce ungo ɗiyata, kyanwar nan ni na san ranar da uwarki ta shigo da ita gidan ga. Mai kawo mana ruwa a kura ya ce in bar kuɗin jarka biyar. Mutum 31 suka taimaka, aka tara 74,500, duk alat ɗin da ya shigo sai in rubuta a littafin awon ɗinkina, da dare in sa jimilla a sitatus ba tare da sunan kowa ba, duk risit ɗin da na karɓa in ɗauki hotonsa in tura. Babban yayanmu ya ba da 30,000, uwar adashinmu kuma ta roƙi wadda ke da kwasa ta bar mini nata zagayen 60,000 na koma ƙarshe. Da na ga lissafin likita ya cika na sanar a tsaya haka nan, wasu har suna cewa in bari a ci gaba na ce a'a.

Ranar Alhamis 20 ga wata aka yi aikin, ranar sunanta. An ce kada in ba ta abinci tun dare. An sa mana lokaci ƙarfe tara na safe, ba wuta, janareto ya ƙi tashi sai da aka kira mai gyara, ba a shiga ba sai sha biyu saura, tana ta jira da yunwa. Awa biyu da wani abu ina zaune kan benci ina jan carbin Inna. Da aka fito da ita an aske cinyar tas har ƙugu, harshe ɗan waje ido a buɗe ba ta ƙiftawa, jikinta sanyi ƙalau, na ɗauka ta tafi, yaron ya ce Hajiya kwantar da hankalinki haka maganin yake, ya cika gorar ruwa da ruwan ɗumi ya naɗe a tsumma ya sa mata a gefe. Na duba ɗinkin, ni tela ce na san ɗinki, guda goma sha ɗaya ne a jere tazararsu ɗaya bakin fatar ya haɗu lif ba tattara, a nan na san hannun mutumin nan na da kyau.

Ba su da kwalar nan mai kamar mazurari da ake sa wa dabba don kada ta lashi ciwo, wai sai ta karnuka, sai yaron ya ɗauko tsohon fim na hoton ƙashi ya yanka ya lanƙwasa ya huda, ni kuma da na koma gida na bi bakin da bayas mai laushi don kada ya yanke mata wuya. Ta yi aiki har aka cire zare.

To a nan ne babban ƙorafina yake. Shi aikin awa biyu ne, jinyar kuma sati takwas, kuma kusan ba a shirya ni mata ba. Da baki aka yi mini bayani a tsaye ina rungume da kwali hankalina ba ya jikina, ba takarda ko ɗaya da ke cewa ga lokacin magani ga abin da za ki gani ki kira mu ga ranar dawowa, da na isa gida rabin abin ya bi iska. Cewa aka yi a tsare ta, ni na ɗauka kulle ta a ɗaki ya isa, kwana na biyu na same ta tana ƙoƙarin hawa gado da ƙafa uku. Da na kira sai ya ce a'a keji ake nufi, wanda ba za ta iya tsalle a ciki ba. Na je wajen mai walda ya haɗa mini na 15,000, na sa mata tsohon faranti da yashi a kusurwa, na lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda don zafin Maris ya fara shigowa.

Kwana biyu ta ƙi cin komai. Likita ya ce kada in bari ta wuce haka don mage in ta daɗe ba ta ci hantarta ke taɓuwa, in ɗumama abinci ƙamshi ya tashi. Na dafa kaza ba gishiri ba magi ba albasa ba tafarnuwa, don ya ce albasa da tafarnuwa ma suna lalata musu jini, na yayyaga na sa a tafin hannuna na zura cikin kejin na cire mata kwalar, ta shinshina ta kau da kai, na ci gaba da riƙewa har hannuna ya yi tsami ina kiranta yadda Inna ke kiranta, can sai na ji harshen nan mai kaushi a tafina. Likitan ya kuma nuna mini a hoton cewa bangon ƙashinta siriri ne, ya tambayi me take ci, na ce tuwo da miya da hanta da 'yar tsoka in an samu, ya ce tsoka da hanta zalla ba su da sinadarin da ke gina ƙashi, ya rubuta mini abincin mage na leda in riƙa haɗawa, kuma in daina ba ta madara don ita ke sa ta zawo. Shekara biyu muna ba ta madara muna ganin gata ne.

An cire zare ranar 4 ga Maris muna cikin azumi, wurin ya bushe tsaf. A sati na uku ɗan ƙanwata ya ji tausayinta ya buɗe kejin ina kicin ina haɗa buɗa baki, na fito na gan ta a kan taga. Washegari wani ƙullutu ya taso a saman ƙugunta mai laushi kamar ruwa a ciki, in na taɓa ina jin kan ƙarfen. Wajen ukun dare na gani lokacin sahur na tura masa hoto ban sa ran amsa ba, kafin a kira assalatu ya amsa ya ce in kawo ta da safe. Ya ce ƙarfen ya ɗan zamo sama kaɗan yana gogar nama, kuma akwai babbar jijiya kusa da wurin, in na ga tana jan ƙafa ko tana taka bayan yatsu ko tana ihu in an taɓa to ba jira. Allah ya taƙaita bai kai can ba, bai karɓi ko sisi ba a wannan zuwan, amma ya ƙara mata sati biyu a keji ni kuma na sa kwaɗo.

Sai a zuwan nan ne na ji cewa ƙarfen fita zai yi, kuma cirewar da sake hoto kuɗinsu daban, hoto 12,000 cirewa 35,000. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce Likita ai da ka faɗa mini tun farko da na sa a lissafin da na nuna wa mutane, yanzu na riga na ce a tsaya da wane baki zan koma? Ya ce ya ɗauka ya faɗa, ya ba ni haƙuri, ya ce in biya bayan Sallah. Ban koma wa kowa ba, da kuɗin ɗinkin Sallah na biya, ina taka keke har biyun dare kejin na gefen ƙafata. Gaba ɗaya 233,000 ban da kurkura da abincinta, ya haura mafi ƙarancin albashi na 70,000 sau uku. Duk wanda zai je, ya ce a rubuta masa kuɗin komai har ranar sallama, da hoton da za a sake yi daga baya da cire ƙarfe, kuma ya tafi da biro ya rubuta bayanin jinya da kansa, ya tanadi keji tun kafin ranar aiki.

In an tambaye ni ko zan sake kai dabba wurin, zan kai, har na tura mutum biyu, ɗaya mai ɗan akuya ɗaya mai mage. Mutumin ya san aikinsa, yana faɗin iyakar abin da zai iya, yana ɗaukar waya da dare, bai taɓa sa ni jin cewa abin da na kawo ƙaramin abu ne ba. Su gyara lokaci, su raba wurin jira, su riƙa ba da takardar sallama, Allah ya hore musu na'urar hoto tasu.

An cire ƙarfen bayan tsakiyar Afrilu, hoton ya nuna wani dunƙulen sabon ƙashi ya rufe karayar kamar an yi wa bango yaɓe. Ya wanke ƙarfen ya ba ni, bai kai tsawon biro ba, yana cikin gwangwanin maɓallaina. Cinyar ta rame sosai saboda zama, ya koya mini in riƙa lanƙwasa ƙafar ina miƙewa a hankali sau goma safe da yamma, da farko tana fisgewa yanzu har miƙo mini take. Gashin ya fito amma ya fi na da duhu kaɗan a wurin. In ta tashi daga barci takan ɗan ɗingisa taku uku huɗu sannan ta ware, bakin ƙofa kuma na sa mata waya ba ta ƙara fita lungu ba. Adashin nan sai watan gobe zan gama zubi. Jiya da asuba na idar da sallah na juya ban gan ta a kan darduma ba, ashe ta haye saman akwatin Inna, wanda rabonta da hawa tun kafin azumi, tana zaune tana lasar ƙafar hagun.